Kafin ku sayar da garkar Mirya

Gwaggo, barka da war haka. Ina rubuto miki daga unguwar Zango a Damagaram, kaina ya ɗaure. Mahaifinmu shekararsa 63, tsohon direban babbar mota ne, ya fi shekara 30 yana shan sigari, har yanzu yakan ɓuya ya ja kara ɗaya ko biyu. Ya taɓa yin tarin fuka ina ƙarama, ya sha magani wata shida ya warke. Tun ƙarshen damina tari ya dawo masa, sau biyu har da jini. An auna kaki ba a ga tarin fuka ba, aka yi radiyo, wato hoton ƙirji, aka yi sikana. Lokotoro ya ja mu gefe ni da kawuna ya ce akwai ƙari mai santimita 3 da rabi a saman huhun dama, yana zargin ciwon daji ne, mu kai shi Yamai. Yayana da ke aiki a Libiya ya turo bidiyo ta WhatsApp, wai a Indiya mutum-mutumi ke yin aikin, ba yanka, ƴar huda ce kawai, kwana biyu a sallami mutum. A wani bidiyon kuma allura ake sokawa a ƙone ƙarin. Wani mai haɗa tafiya ya ce mu kawo miliyan 12 na sefa ya gama mana komai. Ba mu da su sai an sayar da garkarmu ta Mirya, ita ke ciyar da gidan. Baffannina sun ce sam, in wuƙa ta taɓa daji fantsama yake yi. Baba bai san komai ba, mun ce masa sanyi ne ya kama shi. Gwaggo, mu sayar?

Ɗiyarki daga Zango

Ɗiyata, Allah ya ba Malam lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Kada ku sayar yanzu. Ban ce har abada ba, domin akwai ranar da garka za ta iya zama fansar rai, in ranar ta zo ni zan fara cewa a kira dillali. Amma yau abin da ake so ku zuba wa miliyan 12 cinikin biri a sama ne. Ba ku san sunan ciwon ba, ba ku san inda ya kai ba, ba ku san ko ƙirjin tsohon zai ɗauki aiki ba. Wanda ya yanka muku farashi kafin a san waɗannan, tikitin jirgi yake sayarwa.

Sikana inuwa take gani. Tana faɗin girman ƙari da wurin da ya zauna, amma ba ta iya rantsuwa cewa daji ne. Mutumin da ya taɓa tarin fuka yana iya samun dunƙulen tsohon tabo daidai a saman huhu, ko fumfuna ta yi gida a kogon da tarin ya bari, ita ma tana sa tofar da jini. Kada wannan ya sa ki saki jiki: shekara 30 na sigari, ga jini, ga ƙari mai girman goro, zargin likitan yana kan hanya. Sai dai shaidar da ake aiki da ita ita ce gutsuren naman da aka ɗebo aka duba a ƙarƙashin madubin awo, abin da za ki ji ana kira biyopsi. Ana ɗebo shi ta hanci ko baki da siririn tiyo mai fitila da kyamara wanda ke bin hanyar iska, ko kuma a soka allura ta tsakanin haƙarƙari ana kallon sikana idan ƙarin yana gefe. Ba a buɗe ƙirji, sau da yawa ma mutum gida yake kwana.

Dalilin nacewa a kan wannan gutsure shi ne dajin huhu ba iri ɗaya ba ne. Kusan kashi 15 cikin 100 mai ƙananan ƙwayoyi ne, a takarda za ki ga an rubuta petites cellules da Faransanci. Wannan yana da gudu, kafin a gano shi yawanci ya riga ya fita, maganinsa kimiyo ne, wato maganin daji da ake sawa ta jijiya, da gashin haske, wato a gasa ƙarin da hasken na'ura, da wuya a kai shi ɗakin fiɗa. Sauran kashi 85 su ne waɗanda wuƙa ke iya rabawa da mutum, muddin an riske su da wuri. Ki duba, da a ce na Malam irin na farko ne, da kun sayar da garka domin aikin da babu likitan kirki da zai yarda ya yi.

Bayan suna sai mataki. Dajin huhu yakan fara sauka a kaluluwar da ke cikin ƙirji, irin wadda ke fito wa mutum a matsematsi idan ya ji ciwo a ƙafa, sai dai waɗannan suna ɓoye a gefen maƙogwaro tsakanin huhu biyu. Daga nan sai hanta, ƙashi, ƙwaƙwalwa, da ƴan halittun da ke zaune a kan ƙoda. Saboda haka ake ɗaukar hoton ciki da na kai, inda akwai hali kuma a yi wani hoto da ake kira PET, wanda ake sa wa mutum sukari mai alama a jijiya, duk inda ƙwayoyi ke ci da haɗama sai wurin ya haska. Ga mai tarihin tarin fuka wannan hoton yana iya ruɗi, domin kumburin tarin shi ma yana haskawa, shi ya sa in kaluluwa ta haska ake son a tsotso kaɗan daga cikinta a tabbatar. Mataki na 1 da na 2 na fiɗa ne. Wani sashe na mataki na 3 ma ana yi, galibi bayan an fara da magani. Na 4 kuwa, wato ya tsallaka wasu gaɓoɓi, cire ƙarin huhu ba ya kawar da ciwon. Ƙari mai santimita 3 da rabi wanda bai taɓa kaluluwa ba har yanzu yana cikin mataki na 1, kuma fiye da rabin masu irinsa suna nan da rai bayan shekara biyar da aiki. Wannan ita ce addu'ar da nake yi muku.

Yanzu mu zo ga aikin kansa. In layya ta zo, ki tsaya kusa da mahauci ki dubi huhun rago, za ki ga ba dunƙule ɗaya ba ne, a tsattsage yake ɓari-ɓari. Na mutum haka yake: ɓari uku a dama, biyu a hagu, kowane da jijiyar jininsa da hanyar iskarsa, kamar kowane fangali da magudanarsa. Aikin da aka fi yi shi ne a ɗaure jijiyoyin ɓarin da ƙarin ke ciki, a cire shi ɗungurungum, a kwashe kaluluwar da ke kewaye a kai awo. Ga mahaifinki wannan na nufin ɓarin sama na dama, huɗu su rage masa, su kuma buɗe su cike gurbin. Cire huhu guda sukutum yanzu sai dole, idan ƙarin ya zauna a tsakiya ya riƙe manyan jijiyoyi, kuma ko a nan likitoci sukan yi dabarar yanke hanyar iskar da ta kamu su sake haɗa bakin biyu da ɗinki don su tsirar da sauran.

Na yi shekaru ina miƙa wa likitocin fiɗa kayan aiki, na kuma ga yadda ake buɗe ƙirji ta tsohuwar hanya. A kwantar da mutum a gefe, a yanka daga ƙasan allon kafaɗa a biyo haƙarƙari kusan taƙi guda, a sa ƙarfe a buɗa tsakanin ƙasusuwa biyu har hannu ya shiga. Zafin da majinyaci ke kuka da shi bayan haka, mafi yawansa daga wannan buɗawar yake, domin a ƙarƙashin kowane haƙarƙari akwai jijiya mai kai saƙon ciwo, ƙarfen kuma a kanta yake danna. Wasu sukan yi watanni suna jin yaji a wurin. A farkon shekarun 1990 aka fara cire ɓarin huhu da kyamara. Ana yin huda biyu ko uku masu faɗin ɗan yatsa, da tsaga guda ta santimita 4 ko 5 inda za a fito da naman a cikin ƴar jaka. Mai sa barci zai sace iskar huhun da ake aiki a kansa, kamar yadda taya ke sacewa, don a sami fili, ɗayan ya ci gaba da numfashi. Likita yana kallon allo yana aiki da dogayen ƙarafa, da wata na'ura mai ɗaure jijiya ta yanke ta a lokaci guda. Ba a buɗa haƙarƙari. Sunan aikin VATS. A 2010 wani likita ɗan Sifen, Diego Gonzalez Rivas, ya fara yin sa ta tsaga guda ɗaya tak, ya kuma yi ta yawon ƙasashe yana koyarwa.

Abin da bidiyon yayanki bai faɗa ba shi ne, a ciki aikin ɗaya ne. Ɓarin da za a cire ta babbar tsaga shi za a cire ta ƙarama, jijiyoyin da za a ɗaure su ne dai, haɗarin jini yana nan. Ƙofar shiga ce ta ragu. Kuma raguwarta ba ƙaramin alheri ba ne, ban raina ba. A Ingila an raba majinyata kimanin 500 gida biyu, rabi ta kyamara rabi ta buɗewa, aka fitar da sakamako a 2022: ƴan kyamara sun fi samun sauƙin ciwo, sun fi saurin miƙewa, matsaloli sun fi ƙaranci a kwanakin asibiti. Amma kwanan da suka yi a asibiti huɗu ne, na ƴan buɗewa biyar. Ba kwana biyu ba, ba kuma sama da ƙasa ba. Ta fuskar kawar da dajin kuwa, hanyoyin biyu kunnen doki suka yi.

Mutum-mutumin kuma, Allah na tuba, sunan ne ya fi shi girma. Wanda aka fi sani sunansa Da Vinci, an ba shi izinin aiki a Amurka a 2000. Ba ya tunani, ba ya motsi shi kaɗai. Likita ne zaune a kusurwar ɗakin, kansa cikin wani akwati yana ganin cikin ƙirji kamar ya shiga, yana juya yatsunsa, hannuwan ƙarfe suna kwaikwayonsa. Suna lanƙwasa fiye da wuyan hannun mutum, ba sa rawa, wannan yana taimaka wa likita a lunguna. Ga majinyaci kuwa, sakamakonsa da na kyamarar hannu kusan ɗaya ne, kuɗin ne ya yi nisa. Mahaifinki direba ne, ya san sabuwar mota a hannun ɗan koyo ba ta kai tsohuwa a hannun wanda ya haddace ramukan hanyar Agadas ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Tambayar da za ku yi wa duk likitan da zai taɓa shi ita ce: irin wannan aikin guda nawa kake yi a shekara, kuma kana kwashe kaluluwar tsakiyar ƙirji? Wanda ya cire ƙari ta ƴar huda mai kyan gani ya bar kaluluwa ba a auna ba, rabin aiki ya yi, domin awonta ne zai faɗa ko ana buƙatar kimiyo daga baya.

Akwai kuma abin da ya shafi Malam shi kaɗai, wanda mai haɗa tafiya bai ma san ya tambaya ba. Tsohon tarin fuka yakan manne huhu da bangon ƙirji, yakan kuma sa kaluluwa ta taurare kamar tsakuwa ta liƙe a jikin jijiyar jini. A irin wannan ƙirji likita yana iya farawa da kyamara, ya ga hanya ba ta ɓullewa, ya buɗe. Wannan ba kasawa ba ce, hankali ne, kuma likitan da ya gaya muku haka tun kafin aiki shi ne abin amincewa. Wanda ya yi muku alkawarin huda kawai ko ta halin ƙaƙa, bai ga ƙirji da yawa ba, ko kuma ba gaskiya yake faɗa ba.

Za ku iya jin an ce ai yanzu ba a cire ɓari guda, ɗan yanki ake ɗauka. Gaskiya ne, ga ƙananan ƙari. A Japan an gwada a kan mutum fiye da 1,100 masu ƙarin da bai wuce santimita 2 ba, aka wallafa a 2022: bayan shekara biyar kashi 94 na waɗanda aka cire wa yanki suna raye, na waɗanda aka cire wa ɓari kashi 91, ko da yake ciwon ya fi dawowa a wurin ga ƴan yanki. Wani gwaji daga Amurka a 2023 ya zo da magana mai kama da wannan. Santimita 2 ke nan. Na mahaifinki ya kusa ninka haka, don haka wannan ƙofar ba tasa ba ce, sai in numfashinsa ne ya gaza ɗaukar babban aiki.

Haka ma allurar ƙonawa. Akwai ta, ana soka ta ana kallon sikana, bakinta ya yi zafi ya dafa ƙarin, ko ya daskarar da shi da sanyi. Tana aiki sosai a kan abin da bai kai santimita 3 ba, da ya wuce haka gefe-gefe kan tsira, kuma ba ta taɓa kaluluwa. An tanade ta ne domin wanda zuciyarsa ko huhunsa ba za su jure fiɗa ba. Ga irin waɗannan ma abin da aka fi gabatarwa shi ne wani gashin haske mai saiti, wanda ake tattara haske mai ƙarfi daga kusurwoyi da yawa a kan ƙarin kaɗai, zama uku zuwa biyar a gama, ba yanka ba barci. Ba kowace na'urar gashi ke yin wannan ba. A Yamai akwai Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji, wadda aka buɗe sashen gashinta a 2021, can ne za su dubi takardunku su gaya muku abin da ya dace da shi da inda ake yin sa.

Baffanninki kuma kada ki yi musu tsiwa, abin da suka gani suke faɗa. Sun ga an kai mutum asibiti bayan ya shekara yana yawon magani, aka buɗe aka tarar ciwo ya ci ko'ina, aka rufe, bayan wata biyu aka yi jana'iza, sai aka ɗora wa wuƙa. Wuƙa ta zo a makare ne. Iska ba ta watsa daji, ƙarfe ba ya tayar da shi. Ki ba su wannan labari. A 1933 wani likitan Amurka, Evarts Graham, ya cire wa wani mutum huhu guda saboda daji, karo na farko da aka yi haka a zama ɗaya mutum ya tashi. Majinyacin shi ma likita ne, ya koma bakin aikinsa. Graham kuwa mashayin sigari ne, yana cikin waɗanda suka fara nuna a 1950 cewa sigari ke kawo dajin huhu, ya daina sha, amma ciwon ya riga ya kama shi, nasa bai yiwu a yanka ba, ya rasu a 1957. Mutumin da ya yanka ya rayu bayansa da shekaru. Shawarata, ku ɗauki baffan da ya fi ɗaga murya ku tafi da shi Yamai, ya zauna gaban likita ya yi tambayarsa da bakinsa. Sau da yawa shi ke dawowa ya shawo kan sauran. Addu'a da rubutu da sadaka a ci gaba, ba wanda ya hana. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba ne nake roƙo a dakatar, domin wasu suna wahalar da hanta da ƙoda, wasu suna tsinka jini, kuma duk abin da ya sha a gaya wa mai sa barci ba tare da kunya ba.

Ko an tabbatar aikin ya dace, saura a auna mai ɗaukarsa. Za a ba shi wani bututu ya hura da iyakar ƙarfinsa, a lissafa iskar da za ta rage masa in an cire ɓari guda. Za a duba zuciya, da sukari, da hawan jini, wataƙila a sa shi hawa matakalar bene ana kallon numfashinsa. A nan ne ku ƴan gida kuke da aiki tun yau, ba a fafe gora ranar tafiya. Kara ɗaya ko biyun nan da yake ɓuya ya ja, a daina gaba ɗaya, domin ko mako huɗu da barin sigari kafin aiki yana rage ciwon ƙirji da rashin warkewar ɗinki. Ya yi tafiyar ƙasa kullum da safe, ya ƙara nisa kaɗan-kaɗan, in ƙurar hunturu ta taso ya rufe hanci da rawani. A nisanta shi da hayaƙin murhu. A ba shi ƙwai, wake, nono, kifi, nama in an samu, mutumin da ya rame ba ya jure fiɗa. Kin ga garka tana da aiki a nan ma.

Ki kuma san abin da ke bayan aiki, domin nan ne lissafin masu haɗa tafiya yake tsayawa. Zai farka da tiyo a gefen ƙirji yana fitar da iska da ruwa, yawanci kwana biyu zuwa huɗu, wani lokaci huhu ya yi ta yoyon iska har fiye da mako. Za a tashe shi tafiya tun washegari, a sa shi tari yana rungume da matashi ko yana jin zafi, domin kakin da ya kwanta shi ke zama ciwo. A manyan asibitocin da suka saba, cikin mutum 100 da aka cire wa ɓari ana rasa ɗaya ko biyu, na huhu guda ya fi haka, dole a faɗa muku wannan kafin a sa hannu. Ba ya hawa jirgi sai radiyo ta nuna babu iskar da ta maƙale a ƙirji, wato kuɗin masauki da abinci na makonni a ƙasar da ba ku jin yarenta. In awon kaluluwa ya nuna ta kamu, akwai kimiyo zagaye huɗu, kusan wata uku. In an sami wani canji a ƙwayar halittar ƙarin da ake kira EGFR, akwai ƙwayar da ake sha kullum har shekara uku, mai tsadar gaske. Ga sikana duk wata shida a shekarun farko. Gidan da ya ƙarar da komai a ranar fiɗa ya bar majinyaci a tsakiyar kogi.

In kuwa awo ya nuna ciwon ya yi nisa, Allah ya kiyaye, to a nan ne za ku fi gode wa Allah da ba ku sayar ba. Ba a cewa babu abin yi. Ruwan da ke taruwa a ƙirji yana hana numfashi ana zuƙe shi, a zuba wata hoda da ke manne fatar huhu da ta bangon ƙirji don kada ya dawo. Hanyar iska da ta toshe ana iya buɗe ta ta baki a sa mata ɗan bututu. Gashi yana tsayar da jini, yana kwantar da ciwon ƙashi. Akwai kimiyo, akwai magungunan da ke tayar da garkuwar jiki, akwai mofin na kashe zafi wanda bai kamata a ji tsoronsa ba. Duk waɗannan kuɗi suke ci a hankali, wata bayan wata, irin kuɗin da garka ke bayarwa.

Idan likitocin Yamai da kansu suka ce aikin sai a waje, ko Tunusiya, ko Maroko, ko Turkiyya, ko Indiyar, to a bi ta ƙofa. A tura faifan sikana da sakamakon nama da na numfashi, likitan fiɗa na can ya amsa a rubuce da sunansa, ya faɗi aikin da zai yi, da abin da kuɗin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, musamman in kwanaki suka ƙaru ko aka shiga ɗakin kulawa ta musamman. Kuɗin asibiti a asusun asibiti ake zubawa, ba a hannun mutum ba. Wasu mutanen Damagaram Kano suke nufa don jin ra'ayi na biyu tunda ta fi Yamai kusa, wannan ma ba laifi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne jan ƙafa. Cewa kada ku sayar ba cewa ku zauna ba ne. Hoton da ya wuce kwana 60 likitan fiɗa zai ce a sake shi, ƙarin kuma ba ya jiran a gama taron dangi.

Saura maganar da ta fi min nauyi a wasiƙarki. Kun ce masa sanyi ne. Ɗiyata, mutumin da ya ga jini a kakinsa sau biyu, ya ga likita ya ja ɗiyarsa gefe, ya ga matarsa na share ido da bakin zane, ya san ba sanyi ba ne. Mai yiwuwa shi ma ku yake ɓoye wa, kowa na tausayin kowa, gida ya yi shiru. Ƙirjinsa ne za a buɗe, shi zai sa hannu a takarda, garkar ma tasa ce. Yaya za a ce ya bar sigari yau-yau saboda sanyi? Kuma dattijo yana da abubuwan da yake so ya daidaita tsakaninsa da mutane da Ubangijinsa, ba hakkinku ba ne ku hana shi sanin lokacin yin haka, ko da zai ƙara shekara ashirin. Ba na ce ki faɗa masa a tsaye a bakin ƙofa ba. Ki samu wanda yake jin nauyinsa, kawunki ko amininsa na tasha, bayan sallar isha'i, a ce masa hoto ya nuna ƙari a huhu, likita yana son a ɗebo kaɗan a auna, ana tsoron kada ya zama mugu ne. Sannan a tambaye shi: kana so a gaya maka duk abin da aka gani, ko a gaya wa wane? Abin da ya zaɓa shi za a bi. Na ga tsofaffi da yawa a wannan gaɓa, mafi yawansu sun fi ƴaƴansu ƙarfin zuciya.

Yamai kusan kilomita 900 ce, wuni guda a mota ta Maraɗi da Ƙonni da Doso, ku nema masa kujerar da zai miƙe ƙafa, duk inda aka tsaya ya sauka ya taka. Ku riƙe takardar turawa daga likitanku, da faifan sikana kansa ba rahoton kaɗai ba, da tsohon katin maganin tarin fuka in yana nan, da kwalayen duk maganin da yake sha. Ki sayi ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kowane likita ya ce da kwanan wata, don a irin wannan hali kai ba ya riƙe magana. Yayanki ki gode masa, daga nesa yake, bidiyo ne abin da hannunsa ya kai, ki ce ya tanadi abin da zai iya don kuɗin awo. Mai haɗa tafiya ki ce masa sai kun neme shi. In sakamakon naman ya fito, ki rubuto min abin da ke jikin takardar harafi da harafi, mu duba tare.

Gwaggonki